Takalmin ɗaga nauyi

Takalmin ɗaga nauyi takalmi ne da ake sawa domin wasannin ɗaga ƙarfe, musamman ɗaga nauyi irin na gasar Olamfik da kuma wasan gwada ƙarfi da ake kira fawaliftin. Abubuwa biyu ne suka bambanta shi da sauran takalman wasanni: ƙasansa mai tauri wanda ba ya lotsewa idan nauyi ya hau kansa, da kuma yadda yake kame ƙafa ta yadda ba za ta riƙa yawo a cikinsa ba. Ya kasu gida uku: mai tudun dunduniya, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, da kuma siririyar silifa da ake sawa wajen ɗago ƙarfe daga ƙasa.

Zaɓen takalmi yana cikin tambayoyin farko da mai fara wannan wasa yake cin karo da su, domin takalmin da bai dace ba yana iya karkatar da ƙafa a ƙarƙashin nauyi, yana iya jawo asarar kuɗi, kuma yana iya sa alƙalai su hana mutum hawa dandamali ranar gasa. Babu takalmi ɗaya da ya dace da kowa. Zaɓin ya dogara ne da irin ɗagawar da za a yi, da ƙirar jikin mutum, da laushin idon sawunsa, da kuma abin da aljihunsa zai iya.

Wasan fawaliftin a taƙaice

Fawaliftin wasa ne da ake auna iyakar nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya a cikin salo uku. Na farko shi ne tsuguno, wanda 'yan wasa ke kira sukwat: ɗan wasa yana ɗora sandar ƙarfe a bayan kafaɗunsa, ya tsuguna har gaɓar ƙugunsa ta sauka ƙasa da saman gwiwa, sannan ya miƙe. Na biyu shi ne turin benci, inda yake kwanciya rigingine, ya sauko da sandar zuwa ƙirjinsa, ya tsayar da ita, sannan ya tura ta sama. Na uku shi ne ɗagowa daga ƙasa, wato dedlif, inda yake sunkuyawa ya ɗago sandar har ya miƙe tsaye sosai.

Ana ba kowane ɗan wasa dama uku a kowane salo, sannan a haɗa mafi nauyin da ya ci a salon uku a fitar da jimillarsa. Alƙalai uku ne suke yanke hukunci da fitila fara ko ja, kuma sai ɗagawa ta sami farar fitila aƙalla biyu kafin a ƙirga ta. Wanda ya faɗi duk damarsa uku a salo ɗaya ba ya samun jimilla. Sandar gasa tana da nauyin kilo 20, manyan faya-fayan ƙarfen da ake zura mata kuma faɗinsu santimita 45 ne.

Wasan ya bambanta da ɗaga nauyi na Olamfik, wanda salonsa biyu ne kuma a dukansu ana cilla ƙarfen ne sama da kai cikin sauri. Wannan bambanci yana da muhimmanci wajen sayen takalmi, domin yawancin abin da ake sayarwa da sunan takalmin ɗaga nauyi an ƙera shi ne saboda 'yan Olamfik.

Tarihi

An yi wasan ɗaga nauyi tun a gasar Olamfik ta farko ta zamani a shekarar 1896. Masu ɗaga ƙarfe na wancan lokacin ba su da takalmi na musamman, suna sa duk abin da suka samu ne na motsa jiki ko na dambe. A farkon ƙarni na 20 yawancinsu suna shiga ƙarƙashin ƙarfe ne ta hanyar ware ƙafa, ɗaya gaba ɗaya baya. Daga shekarun 1950 salon karɓar ƙarfe a tsugune ya yi ta yaɗuwa har ya rinjayi na da, kuma da yake tsuguno mai zurfi yana buƙatar idon sawu ya lanƙwashe sosai, sai aka shiga yin takalma masu tudun dunduniya na katako ko na fata da aka jera hawa-hawa.

Fawaliftin kuwa ya bunƙasa ne a Amurka da Birtaniya. An yi gasar ƙasa ta farko da hukuma ta amince da ita a Amurka a shekarar 1965 a garin York na jihar Pennsylvania. An kafa Ƙungiyar Fawaliftin ta Duniya, wadda aka fi sani da IPF, a 1972, ta kuma shirya gasar duniya ta farko a ƙarƙashinta a 1973. 'Yan wasan farko sun yi amfani da takalman ƙwallon kwando, da na kokawa, da but-but na aiki. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Converse All Star, kambas da aka fara fitarwa a 1917 domin ƙwallon kwando. Kocin nan na Amurka Louie Simmons, wanda a da shi ne mai wurin horon Westside Barbell da ke Columbus a jihar Ohio, yana cikin waɗanda suka ƙara masa suna, saboda salon tsugunonsa na ware ƙafafu sosai ya fi dacewa da takalmi marar tudu.

Daga baya manyan kamfanoni suka maye gurbin katako da roba mai tauri wadda ba ta da nauyi sosai. Nike ya fito da Romaleos a lokacin gasar Olamfik ta Beijing a 2008, Adidas kuma ya fito da Adipower domin gasar Landan ta 2012. A daidai wannan lokaci IPF ta buɗe ɓangaren gasar da ba a sa rigunan nan masu matsewa da ke taimakon ɗagawa, ta yi kofin duniya na farko na wannan ɓangare a 2012. Wannan ya sa 'yan fawaliftin da yawa suka koma tsuguno mai matsakaicin faɗin ƙafa, takalmi mai tudu kuma ya sami karɓuwa a wajensu.

Dalilin da ya sa takalmi yake da tasiri

Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Idan mutum ya tsaya daidai, nauyinsa yana sauka ne a wurare uku: dunduniya, gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa, kamar duwatsun murhu. Muddin ɗaya daga cikin ukun ya ɗaga, ƙafa za ta karkata, gwiwa ta bi ta, ƙugu ma ya bi gwiwa. Mutum mai kilo 70 da ya ɗora kilo 100 a bayansa, kilo 170 ne yake sauka a kan tafin ƙafafunsa biyu, kuma duk wannan nauyi ta cikin takalmi yake bi kafin ya isa ƙasa.

Takalmin gudu an yi ƙasansa ne da soso mai laushi domin ya shanye bugun ƙasa a kowane taku. Wannan laushi da yake amfanar mai gudu shi ne yake cutar mai ɗaga ƙarfe. Soson yana lotsewa, kuma ba ya lotsewa daidai a ko'ina; gefen da nauyi ya fi dannawa ya fi nutsewa, sai ƙafa ta riƙa tangal-tangal. Mai ɗagawa zai raba hankalinsa biyu, rabi a kan nauyin, rabi a kan neman daidaito. Bugu da ƙari, yawancin takalman gudu bakinsu a ɗage yake sama domin sauƙin taku, abin da ke hana yatsu kama ƙasa.

Tudun dunduniya kuwa aikinsa daban ne. Yayin tsuguno dole ne ƙwauri ya kwanta gaba a kan ƙafa. Wanda agararsa da naman sha-raɓarsa suka yi tauri, ko gaɓar idon sawunsa ba ta lanƙwasa sosai, zai ga dunduniyarsa tana ɗagawa ko kuma ya duƙa gaba fiye da kima kafin ya kai zurfin da ake so. Tudu na milimita 20 yana karkata tafin ƙafar babban mutum da kusan digiri 6, wanda ke rage lanƙwasar da ake nema daga idon sawu, ya bar gwiwa ta ƙara matsawa gaba, ƙirji kuma ya tsaya a miƙe.

Ire-iren takalman

Mai tudun dunduniya. Wannan shi ne ainihin takalmin 'yan Olamfik. Dunduniyarsa ta katako ce ko ta roba mai tauri, ƙasansa yana da faɗi, kuma ban da igiya yana da maɗauri ɗaya ko biyu masu mannewa a kan doron ƙafa. Tudun da ake magana a kai shi ne bambancin tsawo tsakanin dunduniya da gindin yatsu, kuma yawanci yana tsakanin milimita 15 zuwa 25. Adidas Powerlift yana da kimanin milimita 15, Nike Romaleos da Adidas Adipower kimanin 20, Reebok Legacy Lifter kuma kimanin 22. Shi ne mafi tsada a cikin ire-iren, yana da nauyi, ba a gudu da shi, ba a kuma doguwar tafiya da shi.

Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Wannan rukuni ya haɗa kambas irin su Converse da Vans, da takalman kokawa da na dambe, da waɗanda aka ƙera musamman saboda fawaliftin, irin na kamfanin Sabo na Rasha. Dunduniya da yatsu suna kan tsawo ɗaya ko kusa da haka. Ƙasan roba ce mai ƙarfi da ba ta nutsewa sosai. Amfaninsa shi ne ana iya yin salon uku duka da shi, kuma ya fi sauƙin samu. Wasu daga cikin kambas ɗin bakinsu matsattse ne, suna takura yatsun mai faffaɗar ƙafa.

Silifar dedlif. Siririn takalmi ne mai kama da safa, da ƙasa na roba wanda kaurinsa bai wuce 'yan milimitoci ba. Manufarsa ita ce mutum ya kusanci ƙasa iyakar iyawa ba tare da ya karya dokar sa takalmi ba. Wasu suna da maɗauri domin masu ware ƙafa.

Takalmin horo na gama-gari. Ana yin sa domin masu haɗa ɗaga ƙarfe da tsalle da ɗan gajeren gudu. Ƙasansa ya fi na takalmin gudu tauri, tudunsa kuma kaɗan ne. Yana isar mai farawa a watannin farko, sai dai ba ya kai na musamman tsayuwa idan nauyi ya yi yawa.

Takalmi da kowane salo

A tsuguno ne ake samun saɓanin ra'ayi. Mai ɗora sanda a can saman kafaɗa, mai tsayuwa da ƙafafu kusa da juna, mai dogayen cinyoyi idan aka kwatanta da gangar jikinsa, da mai taurin idon sawu, su ne suka fi cin moriyar tudu. Mai sauko da sandar ƙasa kaɗan a bayansa, mai ware ƙafafu sosai yana tura ƙugu baya, sau da yawa ya fi jin daɗin shimfiɗaɗɗen takalmi, domin tudu yana iya tura shi gaba zuwa kan yatsu. An ga zakarun duniya da kowanne daga cikin biyun.

A turin benci nauyi ba ya sauka a kan ƙafa kai tsaye, amma ɗan wasa yana dogara ƙafafunsa da ƙasa domin ya ɗaure jikinsa. Abin da ake nema a nan shi ne takalmin da ba ya zamewa. Da yake dokar IPF ta ce tafin takalmi ya zauna a ƙasa gaba ɗaya, wasu suna sa mai tudu domin su iya ja da ƙafafunsu baya ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. An yarda gajeren ɗan wasa ya taka katako ko faifan ƙarfe idan ƙafarsa ba ta kai ƙasa.

A dedlif kuwa kusan bakin masu horarwa ya zo ɗaya: takalmi ya zama shimfiɗaɗɗe kuma siriri. Da yake faɗin faifai santimita 45 ne, tsakiyar sandar tana santimita 22.5 daga ƙasa ko wane irin takalmi aka sa. Wanda ya sa takalmi mai kaurin santimita 3 ya ƙara wa kansa santimita 3 a tafiyar da ƙarfen zai yi, kuma zai fara ɗagawa ne daga sunkuyo mai zurfi. Tudun dunduniya kuma yana tura gwiwa gaba zuwa hanyar sandar. Masu salon sumo, wato masu ware ƙafafu su kama sanda ta tsakanin gwiwoyi, suna buƙatar ƙarin abu biyu: ƙasan da yake kama daɓe sosai, da gefen takalmi mai ƙarfi, domin suna tura ƙafafunsu ne waje. Zamewar ƙafa a wannan salo tana da haɗari, saboda yatsu suna dab da faya-fayan ƙarfe.

Abin da bincike ya nuna

Wani bincike da Kimitake Sato da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 a mujallar Journal of Strength and Conditioning Research ya kwatanta tsuguno da takalmin ɗaga nauyi da kuma tsuguno da takalmin gudu, ya gano cewa takalmin ɗaga nauyi yana rage duƙawar gangar jiki gaba. Wani binciken da aka wallafa a wannan mujalla a 2019, wanda aka yi a kan masu ɗaga ƙarfe na sha'awa, bai ga wani bambanci na a zo a gani ba a tsayuwar baya ko aikin tsokoki tsakanin ɗaga dunduniya da barin ta a ƙasa. Waɗannan sakamako biyu suna tafiya da abin da masu horarwa suke gani: tudu yana taimakon wanda yake da buƙatarsa, wanda kuma idon sawunsa yake da laushi ba lallai ya ga canji ba. Takalmi ba ya gyara salon da ba a koya daidai ba.

Dokokin gasa

A ƙarƙashin dokokin IPF dole ne ɗan wasa ya sa takalmi; ba a hawa dandamali da ƙafa tsirara ko da safa kaɗai. Muhimman sharuɗɗan su ne:

Takalmin ya zama na wasanni ne, ko na ɗaga nauyi, ko silifar dedlif. Ba a karɓar but na hawan dutse.

Kada wani sashe na ƙasan takalmin ya wuce kaurin santimita 5.

Ƙasan ya zama shimfiɗaɗɗe, babu ƙusoshi ko wani abu da ya turo, kuma ba a sauya shi daga yadda kamfani ya ƙera shi ba. Wannan ya fitar da takalmin ƙwallon ƙafa mai ƙusa.

Shimfiɗar ciki da mutum ya ƙara da kansa kada ta wuce kaurin santimita 1.

An haramta shafa gam, ko ƙaro, ko alli, ko manna takardar yashi a ƙasan takalmi domin hana santsi. An yarda a fesa ruwa kawai.

A dedlif dole ne a sa doguwar safa da ta rufe ƙwauri, saboda sanda tana iya ƙuje fata jini ya taɓa ƙarfen da wasu za su kama.

Taka ƙafa gaba ko baya ko gefe a tsakiyar tsuguno ko dedlif yana ɓata ɗagawar, don haka takalmi mai santsi yana iya jawo jar fitila ko da ƙarfen ya tashi. Akwai wasu ƙungiyoyin fawaliftin ban da IPF, kuma dokokinsu sun ɗan bambanta, musamman a kan ɗaga dunduniya a benci. Mai shirin shiga gasa yana duba littafin dokokin ƙungiyar da ta shirya ta tun kafin ya sayi kaya.

Yadda mai farawa zai zaɓa

Shawarar da masu horarwa suka fi bayarwa ita ce mai farawa ya soma da takalmi ɗaya mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai tauri, ya yi salon uku duka da shi na wasu watanni har salonsa ya zauna. A lokacin ne zai san ko yana buƙatar tudu. Akwai gwaji biyu masu sauƙi da ba sa buƙatar kuɗi.

Na farko shi ne gwajin bango. Mutum zai cire takalmi, ya ajiye ƙafarsa ɗaya a gaban bango, babban yatsansa yana nesa da bangon da kimanin santimita 10, sannan ya tura gwiwarsa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. Idan ya iya, idon sawunsa yana da isasshen laushi. Idan bai iya ba, tudu zai iya taimaka masa, tare da atisayen sassauta agara.

Na biyu shi ne gwajin katako. Zai yi tsuguno da sanda marar nauyi a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, sannan ya sake yi da siririn katako mai kaurin santimita 2 a ƙarƙashin dunduniyoyinsa. Idan da katakon ya fi sauka ƙasa cikin sauƙi, bayansa ya fi miƙewa, to takalmi mai tudu ya cancanci kuɗinsa. Idan ya ji yana rinjaya gaba, shimfiɗaɗɗe ya fi masa. Ana yin wannan gwaji ne da nauyi kaɗan, domin katako yana iya gocewa.

Wajen gwada takalmin kansa ana lura da waɗannan abubuwa. A danna dunduniyarsa da babban yatsan hannu da ƙarfi. Idan ta lotsa, ba ta dace ba. A ajiye shi a kan daɓe mai laushin fuska a taɓa gefensa. Idan yana rawa, ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya. A sa shi da irin safar da za a riƙa horo da ita, a ɗaure igiya, a tsuguna. Dunduniya kada ta zame sama, yatsu kuma su sami wurin bajewa. Takalmin ɗaga ƙarfe ya fi na gudu kama ƙafa, tazarar da ake bari a gaban yatsu kaɗan ce. An fi son a gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. A Najeriya an fi amfani da lambobin Turai irin su 40, 42 da 44, kuma tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku ne na santimita, amma lambar wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba. Mai saye ta intanet ya fi samun daidai idan ya auna tsawon ƙafarsa da santimita a kan takarda ya kwatanta da jadawalin kamfanin.

Wanda yake da tsohon rauni a idon sawu ko gwiwa, ko ciwon sukari da ya rage masa ji a ƙafa, yana neman shawarar likita kafin ya fara ɗaukar nauyi mai yawa, kuma ba ya horo ba takalmi.

A Arewacin Najeriya

Takalmin ɗaga nauyi na musamman kaya ne da ake shigowa da shi daga waje, farashinsa kuma yana bin canjin dala. Matasa da yawa a garuruwan Arewa suna fara ɗaga ƙarfe ne a unguwa, da siminti da aka zuba a gwangwani ko tsofaffin ƙarafan mota, sau da yawa sanye da silifar wanka. Silifar wanka tana cikin mafi haɗarin abin da za a ɗaga nauyi da shi: tana da laushi, ba ta riƙe dunduniya, tana santsi idan gumi ya jiƙa ta, kuma hancinta yana iya tsinkewa a tsakiyar ɗagawa. Ƙafa tsirara a kan daɓe mai tsabta ta fi ta tsayuwa, ko da yake ba ta da kariya daga tsakuwa, ƙusa, ko ƙasa mai zafi.

Mai farawa da ke zaune a ƙauye irin Alelu a ƙaramar hukumar Jega, ko a Aliero da Maiyama a jihar Kebbi, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne kambas, sabo ko na gwanjo, daga kasuwa irin ta Jega ko ta Birnin Kebbi. A Kano, kasuwar Ƙofar Wambai ta yi suna wajen kayan gwanjo. Kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya ishi mutum shekarar farko har da gasar farko, muddin ya ci gwajin dannawa da na rawa da aka ambata. A kayan gwanjo abin da aka fi dubawa shi ne cinyewar dunduniya ta gefe, da tsagewar roba, da wurin da gam ya fara saki. Idan shimfiɗar cikinsa ta soso ce mai kauri, ana iya cire ta.

Yanayi ma yana da nasa tasiri. A jihohin Kebbi da Sakkwato zafi yana haura digiri 40 a ma'aunin salsiyos tsakanin Maris da Mayu, kuma irin wannan zafi yana sassauta gam ɗin takalmin da aka bari a rana ko a cikin mota. Mai gyaran takalmi yana iya zagaye ƙasan kambas da ɗinki domin ya daɗe. Yana kuma iya ƙara masa dunduniya ta roba mai tauri ko ta jeren fata domin horo a gida, sai dai irin wannan takalmi ba ya shiga gasar IPF saboda an sauya ƙirarsa. A lokacin hunturu ƙura tana kwanciya a kan siminti da tayil ta mai da su masu santsi, shi ya sa ake share wurin tsayuwa a goge ƙasan takalmi da ɗanyen tsumma kafin ɗagawa mai nauyi. Yashi da ƙasa mai laushi suna nutsewa kamar soson takalmin gudu; faffaɗan katako mai kauri da aka shimfiɗa a ƙasa yana magance wannan.

Najeriya a fagen ɗaga nauyi

Sunan da Najeriya ta yi a fawaliftin ya fito ne daga ɓangaren masu buƙata ta musamman. A gasar Paralimfik ta Landan a 2012 'yan fawaliftin na Najeriya sun ci zinare 6, suka sake cin zinare 6 a Rio a 2016. Lucy Ejike ta ci lambar yabo a gasa shida a jere daga 2000, uku daga ciki na zinare. A Faris a 2024 Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167, ta ci zinare ta kuma kafa tarihin duniya. A wannan ɓangare turin benci kaɗai ake yi, kuma ɗan wasa yana miƙe ƙafafunsa ne a kan dogon benci, don haka takalmi ba ya shiga cikin ɗagawar. A ɗaga nauyi na Olamfik kuwa, inda takalmi mai tudu ya zama kayan aikin kowa, Ruth Ogbeifo ta ci azurfa a Sydney a 2000, shekarar da aka fara barin mata su shiga wasan, Mariam Usman kuma ta sami tagulla ta gasar Beijing ta 2008 bayan an soke sakamakon wasu da aka kama da shan ƙwayoyin ƙara kuzari.

Kula da takalmin

Takalmin ɗaga nauyi yana shekaru yana aiki idan an keɓe shi ga horo kaɗai, domin ba ya shan gugar hanya. Ana ɗaukarsa a jaka, a sa shi a wurin horo, a cire bayan an gama. Ana kwance igiyarsa a bar shi ya sha iska a inuwa, saboda gumin da ya kwana a ciki yana kawo wari da ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Mai dunduniyar katako ba ya son ruwa. Ana sauya takalmi idan ƙasansa ya shafe har ya fara santsi, ko dunduniyarsa ta karkata gefe ɗaya, ko maɗaurinsa ya daina kamawa, ko kuma gefensa ya saki har ƙafa tana zarce ƙasan takalmin yayin ɗagawa.